Yini Guda a New York, Ni da Malam

Jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muka shiga daga Filadelfiya, ranar wata Asabar a ƙarshen watan Maris na 2021, ni da Malam. Ba Bahaushe ba ne, kuma ba sunansa ke nan ba. Kawu ne ya laƙaba masa saboda koyarwar da ya yi shekara da shekaru a makarantar sakandare, ni ma na ɗauka daga bakinsa, har ta kai in na kira shi da sunansa na yanka sai in ji kamar na yi masa rashin kunya. Shi kuma "ɗana" yake ce mini, ɗaya daga cikin kalmomin Hausa da ba su wuce ashirin ba da ya riƙe.

Kawun ma ba ƙanin mahaifiyata ba ne. Mutum ne da ya tarbe ni a filin jirgi lokacin da na zo Amurka karatu ban san kowa ba, ya ajiye ni a falonsa wata biyu cur, ya kai ni na buɗe asusun banki, ya nuna mini irin rigar da ake sawa in hunturu ya kankama. Korona ta ɗauke shi a watan Afrilun 2020, Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha tara suka yi gida ɗaya da Malam. Tun makon farko na fahimci abin da ke tsakaninsu, shi ma ya san na fahimta, amma har ya koma ga Mahaliccinsa maganar ba ta taɓa hawa bakinmu ba.

Da aka taru ta intanet don yi wa juna ta'aziyya, 'yan uwa suka yi ta faɗin alherinsa: kuɗin makarantar da ya biya wa marayu, baƙin da ya saukar, haƙurinsa, zumuncinsa. Duk gaskiya ne. Can sai wani ya tambaya ko wane ne dattijon nan mai furfura da ke ta share hawaye a kusurwar allo. Aka ce ai wanda suke haya tare ne. Ina ji, ina gani, na ja bakina na yi gum. Wannan shirun ya shekara yana cina. Shi ya sa da Malam ya bugo mini waya ya ce akwai wasu zane-zane da yake son gani a New York kafin a sauke su, kuma ba ya son tafiya shi kaɗai, ban tsaya duba ko ina da aiki a ranar ba.

Taragon kusan fayau yake, kowa da takunkuminsa, kowa ya ware gefe. Muka wuce Trenton, muka wuce Newark, jirgi ya nutsa cikin ramin da ke ƙarƙashin kogin Hudson, cikin kamar sa'a ɗaya da rabi sai ga mu a tsakiyar Manhattan. Sabon zauren tashar, Moynihan, a ranar 1 ga Janairun shekarar aka buɗe shi a cikin tsohon ginin gidan waya. Malam ya ja ni ta ƙofar titi na 33 ya ce in ɗaga kai. Rufin mashigar gilashi ne mai launi da haske ta bayansa, aikin Kehinde Wiley, wanda ya zana hoton Barack Obama na 2018. Matasa baƙar fata ne sanye da kayan yau da kullum suna rawa a cikin gajimare, a irin gurbin da masu zanen Turai na dā suke ajiye mala'iku. Ba mu daɗe ba, wuyana ya gaji, kuma tikitinmu na da ƙayyadadden lokaci.

Akwai wata wahala da na sha wajen rubuta wannan labari, gara in faɗe ta tun yanzu. Kalmomin da muka saba kiran irin su Kawu da Malam da su, kusan dukkansu ko na zagi ne ko na gaban alƙali. Da ka furta su, mutumin ya ɓace, sai laifi kawai ya rage a tsaye. Ni kuwa mutum na sani, na ci abincinsa, na ga yadda yake fushi da yadda yake huce wa. Don haka zan ce masu son jinsinsu, in wuce.

A ƙafa muka gangara kudu zuwa gidan baje kolin zane na Whitney da ke titin Gansevoort, daf da bakin kogi. Abin da ya kawo mu yana nan a ƙasa kusa da ƙofar shiga, ɗaki ɗaya tal, zane goma sha biyar na Salman Toor. An haife shi a Lahore ta Pakistan a 1983, ya zo Amurka karatu, ya zauna a New York. Tun watan Maris na 2020 aka so buɗe wannan baje koli, annoba ta sa aka ɗage sai Nuwamba, kuma a farkon Afrilu za a sauke shi. Saura mako guda ke nan muka riske shi.

Abin da ya fara bugun idona launi ne. Kore ne, amma ba koren ganye mai faranta rai ba. Wani wurin kamar na kwalba in ka ɗaga ta a rana, wani wurin kamar gansakuka a bakin ruwa. Ya lulluɓe bango da kujeru da iskar ɗakin, har fatar mutanen ta sha shi. Yana sa ka ji dare ne, an rufe ƙofa, ba mai leƙowa. Yana kuma sa ka ji kamar wurin na iya zama da haɗari. Duka biyun a lokaci guda.

Zanen da Malam ya tsaya a gabansa ya ƙi motsawa na abokai huɗu ne, na 2019. Ɗan ƙaramin falo ne irin na gidajen haya. Samari biyu suna rawa a tsakar ɗaki, jikinsu a sake, biyu kuma sun zauna a kujera sun haɗa kai suna kallon waya guda. Shi ke nan. Ba abin mamaki da ke faruwa. Amma ni na san wannan falo. Na san shi a daren Juma'a lokacin da nake kwana a gidan Kawu, in abokansu sun zo, an rage fitila, an sa kiɗa a hankali. Kawun da na sani a taron jama'a, mai tafiya a miƙe, mai auna kowace kalma kafin ta fito, sai ya zama wani daban: ya cire takalmi, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ɗora ƙafa a cinyar Malam yana ba da labari. A lokacin nakan shige kicin in yi kamar ina wanke kwanuka, don ban san inda zan ajiye idona ba. A gaban zanen nan na tsaya na kalla sosai, abin da ban iya yi ba yana raye.

Toor ba ya zaunar da mutum a gabansa ya zana shi. Daga ka yake fito da fuskokin, daga abin da ya tuna na kansa da na abokansa da abin da ya ƙaga. Shi ya sa suke kama da juna kamar 'yan gida ɗaya: siraran jiki, gashi a hargitse, dogayen hanci da wani lokaci yakan ɗan yi ja a tsini. Ya yi shekaru yana koyon hannun tsofaffin gwanayen Turai irin su Rubens da Van Dyck, kuma in ka matsa kusa za ka ga wannan horon a yadda yake jera mutane da yadda haske ke sauka a kafaɗa. Sai dai bai goge sawun burushinsa ba. Fentin na nan kauri-kauri, gajerun shafa a jere kamar an yi su cikin sauri kafin abin da aka tuna ya gudu.

Na gaya wa Malam haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka san na fara rasa fuskarsa? In na rufe ido ina ganin hannunsa, ina ganin ƙeyarsa in yana wanke-wanke. Fuskar ce ba ta tsayawa." Na ce ai akwai hotuna a waya. Ya ce akwai, ɗaruruwa, amma kowane ɗaya daƙiƙa guda ce, kuma a yawancinsu Kawu ya shirya fuskar da yake nuna wa duniya. Wadda yake nema ita ce ta safiya, kafin a shirya.

Ba duka zanen ɗakin ne na rawa da hutawa ba. Akwai wani na mutum shi kaɗai tsaye a bayan teburin bincike irin na filin jirgi, an baje 'yan kayansa a gabansa, man shafawa da kan caja. Duk wanda ya taɓa shiga wata ƙasa da fasfon da ake yi wa kallon tuhuma ya san wannan tsayuwa, kafaɗa a sauke, ido ba ya kallon kowa. Akwai kuma wani na 2020, dangi ana shan shayi, wani matashi a cikinsu amma kamar baƙo, kai a sunkuye. Ba duka, ba zagi, ba abin da za ka nuna ka ce ga zalunci. Nisan da ke tsakaninsa da su kawai aka zana. Wannan ne ya fi yi mini nauyi, don ni a cikin masu shan shayin nake.

Muka fito iska na kaɗawa daga kogi. Malam ya ce akwai inda zai kai ni, tafiyar minti goma ce. Muka bi ta ƙananan titunan Greenwich Village har inda titin Greenwich ya haɗu da na Bakwai. Wata farar rumfa ce ta ƙarfe, an harhaɗa ta da siffofin alwatika, a ƙarƙashinta ruwa na malala a kan wani baƙin dutse mai faɗi, a daɓen kuma an sassaƙa baitocin mawaƙin Amurka Walt Whitman suna zagayawa. Wannan ne wurin tunawa da mutanen New York fiye da 100,000 da cutar ƙanjamau ta kashe. An buɗe shi ranar 1 ga Disamban 2016. Babu sunan mamaci ko ɗaya a jiki, babu fuska.

Tsallaken titi ya nuna mini wasu gidaje masu tsada. Nan asibitin St. Vincent yake kafin a rufe shi a 2010, kuma a nan aka buɗe ɗaya daga cikin sassan jinyar masu ƙanjamau na farko a Amurka a 1984. Malam yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, sabon zuwa birnin. Ya ce akwai shekarar da ya daina ƙirga jana'iza. Muka zauna a benci, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ya ce mutuwar kanta da sauƙi a kan abin da ke biyo bayanta. Mutum zai yi jinyar abokin zamansa wata da watanni, ya yi masa wanka, ya kwashe amansa, ya kwana a kujerar asibiti. Ranar da rai ya yi halinsa, sai dangin da suka yi shekaru ba su buga waya ba su iso da manyan ledojin shara. Doka na bayansu, don a lokacin ba ta san da zaman mutanen nan biyu ba. Su kwashe abin da suke so, sauran su zuba a bola: wasiƙu, hotuna, zane-zane, duk abin da zai nuna yadda ɗansu ya rayu da wanda ya so. A takardar sanarwa a rubuta cewa ya rasu bayan doguwar jinya. Ya ce, "Sau biyu ake binne mu, ɗana."

Irin wannan ɓarnar ce ta sa wasu mutum biyu, Charles Leslie da Fritz Lohman, waɗanda tun 1969 suke baje zanen masu son jinsinsu a gidansu na unguwar SoHo, suka shiga ceto ayyukan masu zanen da ke mutuwa kafin a watsar da su. A 1987 suka kafa gidauniya, yau ta zama gidan adana zane mai ɗauke da sunayensu a titin Wooster. Ba mu samu zuwa ba a ranar. Ya kuma ambaci Hugh Steers, wanda ya riƙa zana abin da ke faruwa a bayan ƙofa a shekarun nan: namiji yana tallafe da ɗan uwansa a banɗaki, wani yana wa wani wanka, wani zaune a bakin gadon mara lafiya. Ya rasu a 1995 yana da shekara 32, shekara guda kafin haɗin magungunan da ya sauya cutar daga hukuncin kisa zuwa ciwon da ake rayuwa da shi ya wadata. Sai kuma babban bargon tunawa da aka fara shimfiɗawa a Washington a watan Oktoban 1987, ƙyalle 1,920 a lokacin, kowanne ƙafa uku a faɗi ƙafa shida a tsawo, daidai girman kabari, kowanne da sunan mutum ɗaya da masoyansa suka ɗinka da hannu. Malam ya ɗinka biyu.

Ban tambaye shi abin da ya faru da kayan Kawu ba, don na sani. Ina wurin ranar da aka zo da akwatuna. An yi komai cikin ladabi, ba wanda ya ɗaga murya. Hotunan da Kawu yake shi kaɗai aka cire daga bango aka tafi da su. Waɗanda suke su biyu aka bar su a jingine suna kallon bango.

Da rana ta take muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babban gidan tarihi na Metropolitan. Kwana biyar ke nan da buɗe baje kolin Alice Neel, ayyuka kusan ɗari, kuma duk da an taƙaita yawan masu shiga sai da muka bi layi. An haifi Neel a 1900 a kusa da Filadelfiya, ta rasu a 1984. A shekarun da manyan masu zanen New York suka juya wa siffar ɗan Adam baya suka koma watsa launi zalla, ita ta nace wa zana mutane, aka daɗe ana yi mata kallon wadda zamani ya wuce. Ta zauna a unguwar Spanish Harlem fiye da shekara ashirin tana zana maƙwabta da yaransu, da 'yan ƙwadago, da mata masu ciki, da duk wanda ya yarda ya zauna mata. Takan kira kanta mai tara rayuka.

Hanyarta ta saɓa da ta Toor. Ita sai ka zo ka zauna, sau biyu, sau uku, sa'o'i, tana yi maka hira har ka gaji da riƙe fuskar da ka zo da ita. Sai a lokacin take samun abin da take nema. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan mata hannu da gwiwa da tafin ƙafa ma tambayarsu take yi.

Ga zanen da ta yi wa fitaccen mai zane Andy Warhol a 1970. Mutumin da duniya ta sani da farin gashin kanti da baƙin tabarau, wanda ya mayar da ɓoye kansa sana'a. Shekara biyu kafin nan, a watan Yunin 1968, an harbe shi, da ƙyar ya sha. A zanen ya tuɓe riga. Tabon ɗinki ya ratsa cikinsa ta ko'ina, ga ɗamarar asibiti da ke riƙe masa ciki, ƙirjin ya saki. Idonsa a rufe. Hannayensa a haɗe a kan cinya kamar mai jiran a kira shi wurin likita. Kujerar da yake kai ko fenti ba a yi mata ba, layi ne kawai, gwiwa ɗaya ma ba a ƙarasa ba. Amma takalmansa masu ruwan ƙasa sun sha gogewa suna ƙyalli. Na daɗe a kan takalman nan. Mutum ya yarda a ga raunin da ya fi kowane ɓoyewa, amma bai fito da takalmi mai ƙura ba. Kawu ke nan sak, har asibiti da gogaggen takalmi ya tafi.

Kusa da shi akwai Jackie Curtis da Ritta Redd, su ma na 1970. Curtis, wanda ke fitowa a finafinan Warhol, wani lokaci cikin shigar mata wani lokaci ta maza, ya turo jiki gaba, ya cika wurin, jan gashi, kwalliya a fuska, babban yatsan ƙafa ya ɓullo ta hujin safa. Redd kuma ya ɗan lafe a baya cikin riga mai ratsi da wandon jins, kamar yaron da aka raka makaranta. Ƙafafunsu na taɓa juna. Neel ba ta ƙawata su ba, ba ta kuma mai da su abin dariya ba. Shuɗin layin da take zagaye jikin kowa da shi, da mai kuɗi da talaka, shi ta zagaye su da shi. Abin da na ɗauka daga ɗakin ke nan, kuma ina ganin shi ya sa masu zanen yau irin su Toor suke da ƙasar takawa: an riga an nuna cewa za a iya zaunar da irin waɗannan mutane a kujera ɗaya da kowa, a kalle su da ido ɗaya.

Wani zanen bai shafi batun jinsi ba, amma shi ya sa Malam neman wurin zama. A 1965 Neel ta haɗu da wani matashi baƙar fata, James Hunter, wanda aka kira aikin soja zuwa yaƙin Biyetnam, saura kwanaki ya tafi. Ya zauna mata sau ɗaya. Bai dawo zama na biyu ba. Ta riga ta gama fuskar da hannun da ya yi tagumi da shi, sauran jiki kuwa layi ne kawai a kan farin ƙyalle, kana hango kujera ta cikinsa. Ta sa hannu a bayan zanen, ta ce ya kammala. Malam ya ce shi nasa a juye yake, jikin yana nan, fuskar ce layi.

Ƙafafunmu sun yi nauyi, amma ya ce saura ɗaya. Muka ratsa zaure bayan zaure har sashen zanen farkon ƙarni na ashirin. Wani dogon zane ne, ya kusa kai tsawon mutum, baƙin fage cike da ja da rawaya da shuɗi da fari. Marsden Hartley, Ba'amurke, ya yi shi a Berlin a ƙarshen 1914, ya kira shi hoton wani hafsan sojan Jamus. Na duba sama da ƙasa ban ga mutum ba. Tutoci ne, da igiyoyin kafaɗar kaki, da lambar yabo ta kuros, da murabba'ai baƙi da fari irin na allon dara.

Malam ya matso da ni ya nuna mini kusurwar ƙasa ta hagu. Haruffa uku: K, v, F. Karl von Freyburg, matashin hafsan da Hartley ya so, wanda aka kashe a fagen daga a Faransa a watan Oktoban 1914, yaƙi bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki da farawa ba. Lamba 24 da ke ɗaya gefen shekarunsa ne. Lamba 4 ta rundunarsa ce. Murabba'an nan wasan da yake so ne. Da na ja baya na sake kallo, sai na ga kayan sun jeru kamar jiki: ga inda kai zai kasance, ga ƙirji, ga kuros ɗin daidai wurin zuciya. A zamanin da doka a Jamus da Amurka take hukunta soyayyar namiji da namiji, mutumin nan ya yi makokinsa a bainar jama'a, da launuka masu ihu, ya rubuta sunan a inda kowa zai gani amma sai wanda ya sani zai karanta.

Na tsaya ina lissafa abin da za a jera in na Kawu ne. Ƙaramar rediyon da ba ta rabuwa da kicin. Tarin makullai a zobe ɗaya, har da na gidajen da ya bari tun tuni. Burushin takalmi. Carbinsa mai ruwan zuma. Lamba 19. Na faɗa wa Malam, ya ƙara da abubuwa biyu da ban sani ba, ni ma na ƙara da ɗaya da shi bai sani ba, wata waƙar yara da Kawu ke yi ƙasa-ƙasa in yana tuƙi, wadda Malam ya sha ji amma bai taɓa sanin ta yara ba ce. A nan na gane cewa shi ma rabi yake riƙe da shi. Akwai Kawun da ke cikin Hausa, mai barkwanci da karin magana, wanda Malam ya zauna da shi shekara goma sha tara yana jin sautinsa kawai.

A kan matakalar gidan tarihin, rana ta yi sanyi, na ce, "Malam, ranar ta'aziyya da aka ce kai ɗan haya ne, ina ji na yi shiru. Ka yafe mini." Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce ya ga fuskata a allon ranar, ya san abin da ke cikinta. Ya ce yana da wata tsohuwar ɗaliba da ta zama mai zane, ta yarda za ta gwada yin hoton Kawu, ba daga hoton waya ɗaya ba, daga abin da waɗanda suka san shi za su gaya mata. Yana so in je in zauna da ita ko sau biyu ne. Na ce zan je.

Jirgin ƙarfe bakwai muka samu na komawa. Duhu ya riga ya shiga lokacin da muka fito daga ramin kogin, fitilun Newark na wucewa ta taga. Na ɗauka ya yi barci, sai na ji ya ce, "Ɗana, akwai abin da yake kirana da shi in mu biyu ne." Ya gwada faɗa, harshensa ya karkace, amma na gane. Na fara yi masa fassara, ya ɗaga hannu ya ce ya san ma'anar tun shekarar farko. Ba ma'anar yake so ba. Wata goma sha ɗaya ke nan bai ji an faɗe ta daidai ba.

Na duba taragon, mutum uku ne can gaba, kowa da abin sauraro a kunne. Na ɗan janye takunkumina na ce, "Rabin raina."

Ya rufe ido. Ya ce in sake faɗa, a hankali.